Surutun Zuwaira

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dungas ya san rumfar Malam Barau mai awon hatsi, ya kuma san matar da ke zama a bakin rumfar da tiren ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa. Ita ce Zuwaira, matarsa. Ni Sa'ida taubashiyarta ce, ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito a Guci, saboda haka tun muna yara nake da damar faɗa mata abin da na ga dama. Yau labarinta zan bayar. In ta ji haushi, ta san ƙofar gidana a Magarya.

Zuwaira ta tashi ba mai magana ba ce. In aka aike mu tare, ni ce baki, ita ce hannu. Ni zan tsaya in gaida mutanen gida har da awakinsu, ita kuwa ta sauke saƙo, ta ɗauko abin da aka ce, tana jirana a ƙofa da fuskar wadda aka ɓata wa lokaci. Wajen aiki kuwa ba a haɗa ta da kowa. Tun kafin ta isa aure ta iya suyar gyaɗa ba ƙuna, ta iya matsar tunkuza har sai ta daina ɗigon mai, kuma ƙuli-ƙulinta ba ya karya haƙorin tsoho. Har yau wannan ce sana'arta, da ita ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Barau mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ɓaɓura, can tsallaken iyaka a Najeriya, mu kuwa muna Nijar. Yana saurayi yakan koro jakuna da rogo da rake zuwa kasuwar Guci, ya koma da wake. A nan ya ga Zuwaira, ya shiga sayen man gyaɗa duk ranar kasuwa, har uwarsa ta tambaye shi ko wanka yake yi da shi. Da magana ta kai gaban manya, wani baffanmu ya ce ai yaron ɗan Najeriya ne. Mahaifin Zuwaira ya ce garin yaron ya fi Damagaram kusa da mu, ko kaza ce ta ɓata a can muna jin cigiyarta a nan. Aka tambayi Zuwaira. Ta rufe fuska da mayafi, amma ba ta tashi daga wurin ba, kuma duk wanda ya san ta ya san ta amsa.

Suka zauna a Dungas, ya kama awo, ta kama suya. Shekara arba'in da 'yan kai babu wanda ya tsayar da su ya tambayi wane ne ɗan wace ƙasa. Bai canza takardunsa ba, ba don gardama ba, don dai babu abin da ya tilasta shi. In za su biki a danginsa, kabu-kabu biyu suke hawa, wato baburan haya, su ratsa gonaki, su dawo kafin magariba. Bambancin ƙasa a baki kawai ya tsaya. Shi ya ce makaranta, ita ta ce lakwal. Shi ya ce agogo, ita ta ce montur. In ya ce za shi asibiti, ta ce a dawo lafiya daga likita. Shi yana kiranta Ta-Guci. Ita kuwa tana ce masa Malam, kuma iyakarta ke nan.

Nan sai na tsaya na yi bayani, saboda 'yan matan yanzu da ke ƙwala wa miji kira da sunansa daga ƙofar ɗaki. Zuwaira ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, a gabansa ko a bayan idonsa. Da masu ƙidaya suka zo gida suka tambaye ta sunan mai gidan, sai da ta aika aka kira maƙwabciya ta faɗa musu. Akwai wani mahauci a unguwarsu, shi ma Barau, shekara da shekaru tana sayen nama a wurinsa, amma a bakinta Mai-sunan-Malam ne. Ko 'yarta ta fari, Saliha, ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce yarinyar nan, alhali yarinyar nan ta kusa aurar da tata 'yar. Na sha ɗana mata tarko. In ce wa ya ba ki wannan zane, ta ce shi. In ce shi wa, ta ce wanda kika sani. A Dungas in ana so a kwatanta wa amarya kunya, da Zuwaira ake misali. Ita ma ta san da haka, kuma tana ji da shi.

To, damina uku kafin abin da zan faɗa, sai Zuwaira ta zama mai surutu.

Abin ya ba kowa mamaki. In za su rumfa, Malam Barau yana gaba da babbar rigarsa, ita tana biye da tire a ka, yadda suka saba. Amma yanzu bakinta ba ya rufuwa. Tun daga nesa za ta hango mutum ta ɗaga murya: "A'a, Malam Isma'il, an fito? Ina gajiya?" Kafin Malam Isma'il ya amsa, Barau ya riga ya miƙa masa hannu yana kiran sunansa. Ta yi mitar ramin da ruwa ya haƙa a hannun dama na lungu. Ta yi faɗa da mai amalanken da ya tsaya a tsakiyar hanya. Ta tanka wa akuya. A rumfa kuwa, duk buhun da aka sauke sai ta sa masa baki: wannan geron da tsakuwa, wannan waken ƙwari sun fara shi. Hajiya Mairama, maƙwabciyarsu, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ta ce tsufa ne ya zo wa Zuwaira ta baki. Wasu suka ce hawan jini ne. Ni na ce maganar da ta tara tun muna yara ce ta cika ta fara zuba.

Wasa ne ya tona mini gaskiya. Wata rana na zo daga Magarya da hantsi, na tarar da ƙofa a buɗe, Malam Barau yana zaune a tabarma a inuwar darbejiya yana jan carbi. Mijin taubashiya ne, akwai wasa tsakaninmu. Na tuɓe takalmi, na lallaɓa na tsaya a gabansa, na ɗauke hularsa daga kan tabarma na ɗora a kaina, ina jira ya yi dariya. Idonsa a buɗe, yana kallon daidai inda nake. Ya ci gaba da jan carbinsa. Na kaɗa hannu, ko ƙiftawa bai yi ba. Na rasa yadda zan sauke hular.

Zuwaira ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi mana ta gane. Sai ta ɗaga murya da fara'a ta ce, "Lale da Sa'ida, ɓarauniyar hula, shigowa ba sallama." Nan take Barau ya yi dariya, ya ce ai tun ɗazu yana kallona, jira yake ya ga iyakar rashin kunyata. Na mayar masa da wasa, na ajiye masa hularsa.

Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta yi kuka ba, Zuwaira ba ta kuka a gaban mutum. Ta ce ganin ya daɗe yana raguwa daga gefe-gefe, bai faɗa ba sai da ya rage kaɗan. Sun je Damagaram a ɓoye da sunan gaida dangi, lokotoron ido, likita in ji su Barau, ya duba ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Na ce to mene ne abin ɓoyewa, makanta ai ba sata ba ce. Sai ta ba ni labarin mahaifinsa.

Mahaifin Barau babban manomi ne, sunansa Sharifu, mutum ne da ake jin maganarsa a garinsu. Da ya makance, ba a jima ba sunan ya ɓace. Aka koma cewa gidan Makaho, gonar Makaho, a kai wa Makaho fura. Yana zaune a zaure za a yi shawarar gonarsa a gabansa ba a tambaye shi ba. Barau yana ƙarami shi ke ja masa sanda, yana jin ana ce masa ɗan Makaho. Ranar da suka fito daga wajen lokotoro, a bakin titi ya ce wa Zuwaira duhun ba ya ba shi tsoro, zai iya da shi. Abin da ba zai iya ba shi ne yana raye ya ji sunansa ya riga shi mutuwa. Ya roƙe ta kada kowa ya sani, har 'ya'yansu. Ta ce masa to. Ni ma ranar sai da ta sa na ce to.

Daga nan na fara sauraron surutunta da kunnen basira. Ashe kowace kalma aiki take yi. Gaisuwa tana gaya masa wanda ke tafe. Mita tana gaya masa inda rami yake da hannun da zai kauce. In ta yi tari, tsayawa zai yi cak. Awo kuwa hannunsa ya riga ya haddace, ya san cikar tiya da tafin hannu, ya san gero mai kyau da yatsu, abin da ya rage na ido ita ke cike masa. 'Ya'yan duk sun watse, matan suna ɗakunansu, ɗansu Ammar yana Kano, in sun zo uwar ba ta matsawa daga gefen uban. Matar da magana ke yi wa wuya ta mai da kanta abin dariyar unguwa, ana kwaikwayonta a gidan biki, ita kuwa ko a jikinta. Na ce mata wannan aiki ba zai ɗore ba. Ta ce in zuba ido.

Bara Ammar ya biya musu Umra ta hannun wani ajans na Kano, kamfani in ji su Barau. Ni ma na sa kaina a tafiyar, da Malam Isma'il, da Hajiya Mairama, da wasu mutanen Dungas da Bande. Na ja Zuwaira gefe na ce ta nemi dalili su fasa, Dungas ce ta sani lungu-lungu, ba Makka ba. Ta ce mutumin da ya tsufa yana ambaton Ɗakin Allah ba za ta hana shi zuwa saboda idon mutane ba, kuma ƙasar can ma ai da ƙafa ake taka ta. Fasfo ya fito, nata na Nijar, nasa na Najeriya. Ta haɗa su a jaka ɗaya ta rataya a wuya.

Wajen tafiya ba a sha wuya ba. Jagoran ajans ya jera mu ayari ɗaya, yana gaba muna biye, tana bayan mijinta tana yaba sanyin wurin da santsin daɓen. A Saudiyya kuwa dukanmu baƙi ne, layi ɗaya aka sa mu. Kuma a can ne Zuwaira ta huta. A wajen ɗawafi kowace mace riƙe take da mijinta don kada turereniya ta raba su, saboda haka ta kama hannunsa ba wanda ya ɗaga ido. Na gan su suna zagayawa, tana raɗa masa abin da take gani, hawaye na bin gemunsa. Da muka fito na ce mata ashe ta iya riƙe hannun miji. Ta ce in kama bakina, a Harami muke. Bakin kuwa ya kamu, don a Madina sanyin masauki ya shige ni, muryata ta dishe ƙurmus, sai raɗa. Zuwaira ta ce wannan ma yana cikin addu'o'in da ta yi.

Dawowa ce ta zo da abin da ba ta shirya masa ba. Jirginmu ya sauka Kano da hantsi, wani jirgin ma ya sauka kusan tare da mu, zauren 'yan shige da fice ya cika maƙil. Jagoranmu ya riga ya yi gaba wajen kaya. Wani ma'aikaci yana tsaye yana raba mutane da hannu, 'yan ƙasa nan, baƙi can. Sai a lokacin abin ya faɗo mana. Duk mutanen Dungas, da ni, da Zuwaira, baƙi ne. Malam Barau, wanda ya tsufa ana tsokanarsa da baƙo a kasuwa, shi kaɗai ne ɗan ƙasa, kuma shi kaɗai zai bi wancan layin.

Ta fara gwada hanya mai sauƙi. Ta ce wa ma'aikacin mijinta ne, tare suke. Ya amsa da ladabi, ya ce Mama, kowa layin fasfonsa zai bi, can gaba za ku haɗu, ba nisa. Ya tambaya ko Baba ba shi da lafiya ne. Kafin ta buɗe baki Barau ya ce garau yake. Na raɗa mata ta faɗi gaskiya, za su bar ta ta raka shi. Ta waiga. Hajiya Mairama tana manne da bayanmu, Malam Isma'il yana gefenta.

"A gaban waɗannan?" ta ce. "Ba dai a bakina ba."

Ban ga tsoro a fuskarta ba. Ta tsaya tana ƙare wa layin 'yan ƙasa kallo yadda take duba gyaɗa kafin ta saya. Can ta zaɓi mutuminta, wani ƙaton Alhaji da sababbin takalma 'yan Makka, duk takun da ya yi sai sun yi ƙii a kan daɓen. Iyalinsa suna can baya da 'yar tazara, wato in an buga masa hatimi dole ya tsaya a gaba ya jira su. Ta ja mijinta kamar mai gyara masa jaka, ta cusa shi a bayan Alhajin, ta danƙa masa fasfonsa, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya bi ƙarar takalmin, in ta tsaya ya tsaya. In ya ji an ce na gaba, ya taka har cikinsa ya taɓa tebur, ya miƙa fasfo. In an sallame shi, ya nemi ƙarar ya tsaya kusa da ita har ta iso. Barau ya gyaɗa kai, ya gyara hula, ya ce, "Ta-Guci, kada ki daɗe."

Muka shiga layinmu. Nasu yana gudu, namu yana rarrafe, don mu sai an tambayi inda muka nufa. Da farko igiya ce kawai tsakanin layukan, tana ta surutunta, tana mamakin yadda layin can ya karkata hagu, tana mitar wanda ya ajiye jaka a tsakiyar hanya. Hajiya Mairama ta ce ko Zamzam bai warkar da bakin nan ba. Sannu a hankali ya yi mana nisa, muryarta ta daina kai masa.

Kuma wallahi abin ya yi kyau. Yana tafe ƙirji a gaba, kai a sama, takalmi ya yi ƙara ya taka, ya yi shiru ya tsaya. Ya isa tebur, ya miƙa fasfo daidai hannun jami'in. Muka hango su suna 'yar dariya, aka buga masa hatimi, aka miƙo masa, ya karɓa. Zuwaira ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in gani.

Ni kuwa wani abu daban nake gani. Alhajin nan ya tsaya can gaba yana jiran iyalinsa, kamar yadda ta lissafa. Amma sabon takalmi ya ci masa ƙafa. Ya jingina da bango, ya tuɓe su ya riƙe a hannu, ya koma gefe da safa yana murza yatsunsa.

Barau ya wuce tebur ya tsaya yana saurare. Ba ƙara. Mutane suna gogarsa ta ko'ina, wani ma'aikaci ya ce Baba a matsa gaba, kada a tare hanya. Shi kuwa mutum ne da bai saba a gaya masa abu sau biyu ba. Ya gyara riga ya miƙe sak, da irin takunsa na hanyar kasuwa. Jama'a suna karkata dama, inda gangaren masu jan jaka yake. Shi ya nufi gaba, inda matakala ta sauka ƙasa, mai sheƙi, mai santsi, kuma ba kowa a gabansa da zai ci karo da shi ya tsaya.

Zuwaira ta yi tari. A wannan hayaniya ko ni da ke jikinta da ƙyar na ji. Ta ce Malam, malamai da dama suka waigo, ban da shi. Ta ce Alhaji, rabin zauren ya juyo, ban da shi. Na buɗe baki zan kira shi, iska kawai ta fito. Sauran mutanenmu suna kallonsa hankali kwance, don a saninsu yana ganin matakalar. Na ji ta ja numfashi. Sannan ta kira shi, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Barau!"

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Zauren bai yi shiru ba, sauran matafiya ina ruwansu. Layinmu ne ya yi tsit. Wata 'yar Bande ta rufe baki da mayafi. Hajiya Mairama ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ce, ba ma a hankali ba, daga Ɗakin Allah aka fito, ko gida ba a kai ba an bar kunya a jirgi. Zuwaira ta ɗaure fuska. Wata ma'aikaciya ta matso tana tambayar ko lafiya, Zuwaira ta ce mata ba komai, mijinta ne ya tafi mata da maganin tari. Na gane ta riga ta zaɓa. Gara a koma Dungas a ce ta zama marar kunya da a ce wani abu a kansa.

Can gaba Barau ya zura yatsun ƙafa a hankali, ya ji daɓe ya ƙare. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya ja da baya, ya juyo ya fuskanci inda muryar ta fito. Ya san mutanen da ke layinmu, ya san abin da suka ji, ya kuma san abin da za a yi da shi a gidajen biki. Ya ɗaga hannu har wani jami'i ya zo, ya yi magana da muryarsa ta kasuwa, wadda ake ji tun daga rumfar hatsi har wajen masu dabbobi.

"Ɗana, ni ba na gani. Shekara uku ke nan. Waccan da ta kira ni matata ce, 'yar Nijar ce, ita ke yi mini jagora. Ba marar kunya ba ce, faɗuwa ta hana ni. A taimaka a miƙo mini ita."

Jami'in ya ce haba Baba, ai da an faɗa tun farko. Ya zo da kansa ya ɗage igiya, ya kai Zuwaira gaban layi, aka duba fasfonta aka buga. Abin da ta yi shekara uku tana tarewa da bakinta ya fito cikin numfashi ɗaya. Malam Isma'il ya cire hula ya mayar. Hajiya Mairama kuwa, karo na farko a sanina, labari ya faɗo mata a hannu ta kasa ɗauka.

Na zaci Zuwaira za ta yi kuka in ta isa gare shi. Faɗa ta yi. Da na fito na same su, tana ce masa wa ya aike shi, ita ta riga ta rufe maganar, ya ɓata mata wahalar shekara uku. Shi kuwa murmushi yake. Ya ce shi dai abu ɗaya ya gane yau, ashe ta san sunan. Ta ce ya kiyaye ta. Sannan ta kama hannunsa, irin kamun da ta yi masa a Harami, ta bi da shi ta gangaren, kafaɗa da kafaɗa, mutanen Dungas suna kallo. Ammar yana jiranmu a waje. Da ya ga hannun uwarsa a cikin na ubansa ya tsaya sororo, aka gaya masa, ya zauna a kan jaka ya yi kukan da su biyun suka ƙi yi.

Labari ya riga mu isa gida ta waya. 'Yan barka da dawowa suka cika gidan, rabi don dabino da Zamzam, rabi don su ga mutumin da ya shekara uku yana kiran sunayensu tun daga nesa alhali ba ya ganinsu. Waɗanda suka kwaikwayi surutunta a gidan biki suka riƙa shigowa kai a ƙasa. Ba ta ce musu komai ba. Gaskiya ma ba ta ce wa kowa komai ba, don tun daga ranar Zuwaira ta koma Zuwairarta, surutu ya ɗauke ɗif. Yanzu in za su rumfa, hannunsa yana kan kafaɗarta, ramin lungu ta kauce masa shiru. Shi ne ma yake mita, wai hanya ta yi masa tsawo tunda aka daina faɗa da akuya.

Awo bai tsaya ba. Masu saye suna nan, wasu ma sun ƙaru don son ganin hannun da ke cika tiya ba ido. Amma abin da yake tsoro tsoro ne na gaskiya, na kuma san zai zo, kuma ina rumfar ranar da ya zo. Ranar kasuwa ce bayan kaka. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da buhun wake a bayan babur, baƙo ne, aiko shi aka yi, bai san kowa ba. Ba da mugunta ya yi ba. Ya leƙo ya yi sallama, ya tambaya ko nan ce rumfar makahon nan mai awo.

Hannun Malam Barau ya tsaya a cikin gero. Ya sunkuyar da kai, ni kuwa raina ya ɓaci. Muryata ta dawo tuntuni, kuma amsa tana bakina mai yaji. Zuwaira ta dafa mini gwiwa. Ta ajiye kwalbar da take cikawa, ta goge hannu a zane, ta dubi saurayin. Rumfa cike take da maza, har da mahaucin nan mai sunan Malam. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma rufe fuska ba.

"Nan ce," ta ce. "Sunansa Barau. Sauke buhun."